Mays ko Mantle: wa ya fi tsare tsakiyar filin besbol a shekarun 1950?

A 1951 su biyun suka fara buga babbar gasar besbol a New York, Willie Mays a ƙungiyar Giants, Mickey Mantle a Yankees. In ana maganar bugu, Mantle gwani ne: ta hagu yana yi, ta dama ma haka. A 1956 sau 52 ya buga ƙwallo ta tsallake shinge, ga kuma ciwon gwiwa yana damunsa.

Amma ni kam Mays zan ɗauka. Aikin soja ya cinye masa kakar 1953 ɗungurungum. Da ya dawo a 1954, a wasan farko na World Series (zagayen ƙarshe na cin kofin besbol) da ƙungiyar Cleveland, ya ba da baya yana sheƙa gudu, ya cafke ƙwallon da Vic Wertz na Cleveland ya buga ta saman kafaɗarsa.