Kwana biyu a Yankari: ruwan Wikki ya biya ni, giwa ta ƙi fitowa

Mu 11 muka tafi, 'yan ƙungiyar unguwarmu da muka saba aikin gayya na yashe kwata kafin damina. Bana aka ce mu ma a bar mu mu sha iska, sai muka yi karo-karo muka ɗauki hayar bas zuwa Yankari, gandun namun daji na jihar Bauchi, a ƙarshen Fabrairu. Sharaɗi ɗaya shugabanmu ya kafa: kowa ya zo da buhu da safar hannu, ba za mu baro wurin ba sai mun tsince shara ko ta awa ɗaya ce. Ni dai a raina na ce neman suna ne.

A Dindima ake barin titin Bauchi zuwa Gombe, a miƙa har Mainamaji inda babbar ƙofa take. Kada ganin ƙofa ya sa ka fara tattara kaya, domin akwai sauran tafiyar sama da kilomita 40 cikin daji kafin sansanin Wikki. Mu kuwa tun kafin ƙofar taya ta yi faci, aka sauko da tayar ko-ta-kwana aka tarar ba iska a cikinta. Kamfanin da ya ba mu motar bai duba ba, mu ma ba mu duba ba. Awa biyu muka yi a gefen hanya, da haka zagayen yamma na kallon namun daji ya wuce mu.

Ruwan Wikki ne ya wanke mana haushin. Matakala ake bi a gangara, sai ka ga ruwa yana fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, garau, har kana iya ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashin da ke ƙasa. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina. Da rana ba ka gane darajar wannan ɗumi ba. Sai bayan sallar asuba, sauran sanyin hunturu yana cizon kunne, ka shiga ka ji kamar an sirka maka ruwan wanka. Na kwanta rigingine, ganyaye na faɗowa daga bishiyoyin da suka yi wa wurin rumfa, ruwan yana jana a hankali zuwa inda yara ke wasa. Na yi niyyar minti 20, sai da fatar yatsuna ta tattare na fito. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya ta ƙasa, kusa da dutsen akwai zurfin da zai shanye mutum.

Masu gidan na gaskiya su ne gwaggon biri. Ɗaya daga cikinmu ya ajiye burodi a kan dakali ya juya zai zuba shayi, kafin ya waiwayo wani ƙaton ya sure ledar, ya koma gefe ya zauna yana ɓare ta yana kallonmu ko gezau. Ku rufe ƙofa da taga, kada ku riƙe abinci a fili. Gursunu ma yawo suke tsakanin ɗakuna, sun durƙusa a kan gwiwa suna kiwo, ba ruwansu da kowa.

Zagayen safe a buɗaɗɗiyar mota muka yi shi, tare da malamin daji. Mun ga gwambaza da yawa, da garken ɓauna da suka tsaya suna hararar mu, da tsuntsaye kala-kala a bakin kogin Gaji, inda dabbobi ke taruwa idan rani ya busar da sauran wurare. Tsando kuwa ya ci rabonsa a jikina, domin baƙar riga na sa, kuma baƙi da shuɗi ne ke janyo shi. Giwa fa? Kashinta muka gani, ɗanye, da sawunta da rassan da ta karya. Na ce, "Malam, yanzu duk wannan tafiya sai kashi?" Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai ba a ɗaure take ba." Gaskiyarsa. Dajin da aka keɓe tun 1956, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, ba gidan zu ba ne. Wanda zai zo don giwa kaɗai ya zo da haƙuri, ya kuma ba wa kansa zagaye biyu ko uku.

Da hantsi muka nemi izini a ofis, aka haɗa mu da wani dattijon ma'aikaci, muka bi wajen ajiye motoci da hanyar gangarawa ruwa. Ledar ruwa, murfin kwalba, ledar biskit, har da kunzugun jarirai da aka cusa a gindin bishiya. Duk kayanmu ne, mu baƙi. Dattijon ya ce ya fara aiki tun dajin yana hannun gwamnatin tarayya, kafin a mayar wa jihar Bauchi a 2006, kuma abin da ya fi damun sa shi ne birai na yaga leda saboda ƙanshin abinci, iska ta kwashe ta cikin daji, dabbar da ta haɗiye ta kuma ba mai gani. Muna cikin haka wani mai babbar riga ya shanye ruwa ya yar da ledar a gabanmu. Ba wanda ya tanka. Ɗansa, yaro ɗan shekara kamar shida, ya sunkuya ya ɗauka ya jefa a buhuna. Uban ya sosa ƙeya ya ce, "Sannunku da aiki." Buhu bakwai muka cika, kuma na janye maganata ta neman suna.

Lokaci bai bar mu mun je kogunan dutse na Marshall ba, gidan tarihin sansanin ma leƙa shi kawai muka yi, muka ga tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga mafarauta. Mun sa ranar komawa a Afrilu, lokacin da zafi ke koro dabbobi bakin Gaji. Farar riga zan sa, kuma ni da kaina zan danna tayar ko-ta-kwana kafin mu bar tasha.