Gyaran juwan kartar a wani gareji na hanyar Magarya

Duk mai mota Starlet a Damagaram ya san ɗigar luwul, wato man inji, ta ƙarƙashin inji. Tawa ta kai matsayin da sai na ƙara rabin lita duk mako, ƙofar gidanmu a Birni ta yi baƙi, har makwabta suka fara magana. An taɓa gyara min ita a wani wuri, ba ta daina ba. Wani ɗan taksi ne ya turo ni wannan garejin.

Abin da ya fara burge ni, maigidan bai taɓa sufana ba sai da ya sa yaro ya wanke injin tas, ya tayar da shi, ya kwanta ƙasa da tocila. Ya ce sau tari luwul daga murfin saman inji yake gangarowa, a ɗora laifi kan kartar, wato kwanon da luwul ke taruwa a ƙasan inji. Nawa kam daga bakin kartar ɗin ne.

Da aka sauke shi ya kira ni: "Alhaji, zo ka ga aikin da aka yi maka." Wallahi sai da gabana ya faɗi. Wancan makaniken ya lafta jan silikon a matsayin juwan, wato abin da ke liƙe bakin kartar kada luwul ya fita, kamar ana yaɓen bango, wanda ya tsatso ta ciki ya gutsuttsure, ya je ya maƙale a rariyar da famfo ke tsotso luwul. Da yatsa ya dinga zaro shi, zare-zare, kusan rabin rariyar a toshe. Ga bakin kartar ya lanƙwashe wajen ramukan noti saboda ɗaurin ƙarfi. Ya ce da na hau hanyar Tanut da ita haka cikin zafin Afrilu, jar fitilar luwul za ta kama, daga nan kuma sai sauke inji. Ya daidaita bakin da ƙaramar guduma, ya kankare tsohon silikon, ya goge da fetur, ya zizara sabo siriri. Notukan kuma daga tsakiya ya fara ɗaurewa, yana tsallakawa gefe da gefe, da hannu ɗaya kawai. Ya hana a zuba luwul sai washegari, wai sai silikon ya kama.

Har nan ba ni da ta cewa. Amma fa washegarin nan ta zama jibi, jibi ta zama gata, kullum "Alhaji ka yi haƙuri, maigida ya tafi Kasuwar Dole." Ni kuwa ina ta biyan kabu-kabu. Galan na lita 4 na kawo da hatiminsa, injin nan lita 3 da 'yan kai yake sha, sauran ban sake ganinsa ba. Na tambaya, yara suka hau kallon juna. Kujerar direba kuma an bar min tambarin baƙin hannu wanda har yau bai fita ba, sannan aka ƙara jika biyu kan abin da muka yi ciniki, wai kuɗin wankin inji da ban ce a yi ba.

Ɗiga dai ta tsaya, na je Mirya na dawo, ƙasan kartar a bushe. Idan za ka kai taka, ka tabbata maigidan yana nan, ku gama maganar kuɗi gaba ɗaya tun farko, galan ɗinka kuma ya kwana a gida sai ranar zubawa.