Kafin ka sayi injin yankan ciyawa na hawa a Katsina: abin da za ka duba tun kuɗi na hannunka

Da zarar ruwan Yuli ya zauna, ciyawar filayen makarantu, harabar otal-otal, filayen ƙwallo da manyan gidaje takan fi ƙarfin masu lauje. A nan ne maganar sayen injin yankan ciyawa na hawa ke tasowa, wato wanda mutum ke zama a kansa yana tuƙawa. Yawancin masu saye tambaya biyu suke yi wa dillali: ƙarfin doki nawa ne, kuma nawa ne kuɗinsa. A ganinmu waɗannan su ne na ƙarshe. Injin nan yana ɗauke da wuƙaƙen da bakinsu ke gudun da ya kai kusan kilomita 300 a awa, a ƙarƙashin ƙafafun mai tuƙi. Abin fara dubawa shi ne yanayin filinka, da kuma ko injin zai tsayar da wuƙaƙen nan lokacin da ya kamata.

Fara da auna filin. Filin ƙwallo cikakke, mita 105 da mita 68, ya ɗan haura murabba'in mita 7,000. Injin turawa mai faɗin inci 21 zai ci wa ma'aikaci awa huɗu zuwa biyar a kansa, cikin rana. Na hawa mai faɗin inci 42 zai gama a kusan awa ɗaya da rabi. A irin wannan fili, sayensa ya biya. Amma idan ciyawar gidanka ba ta kai murabba'in mita 2,000 ba, ko tana tsakanin bishiyoyin darbejiya da kwalbatoci da shingen furanni, bar kuɗinka ka sayi na turawa mai kyau.

Iri uku ne za ka fi cin karo da su. Akwai ƙarami mai inji a baya, faɗin yankansa kamar inci 28 zuwa 30, yawanci wuƙa ɗaya. Yana shiga ƙaramar ƙofa, ba ya cin wurin ajiya, amma ba shi da nauyi a gaba, don haka hawan tudu ba nasa ba ne. Akwai mai siffar ƙaramar tarakta, inji a gaba, sitiyari irin na mota, faɗi daga inci 42 zuwa 54, wuƙa biyu ko uku. Sai kuma wanda dillalai ke kira ziro-tan, mai sanduna biyu maimakon sitiyari, wanda ke juyawa a inda yake tsaye.

Ziro-tan shi ne ke ɗaukar ido, kuma a shimfiɗaɗɗen fili ya fi sauran sauri nesa ba kusa ba. Sai dai a fahimci yadda yake tafiya. Tayoyin baya ne kaɗai ke tuƙa shi, su ne kuma birkinsa. Na gaba ƙananan gare-gare ne masu juyawa duk inda aka ja su, irin na keken asibiti. Idan tayoyin baya suka sulɓe a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa a gangare, sitiyari da birki sun tafi lokaci guda. Wanda filinsa ke bakin kududdufi, tafkin kifi, babbar kwalbati ko gefen dam, ya nisanci wannan iri, ko ya bar tazarar faɗin injin sau biyu daga bakin, a gama wurin da injin turawa. Idan ziro-tan ɗin za ka saya, nemi mai ƙarfen kariya da ya lanƙwaso ta saman kujera kamar baka, tare da bel ɗin ɗaure ƙugu. Biyun tare suke aiki: ƙarfe a miƙe, bel a ɗaure. Idan an naɗe ƙarfen don wucewa ƙarƙashin rassa, a kwance bel ɗin, domin injin da ya kife da mutum a ɗaure ba ƙarfe danne shi zai yi.

Ga mafi yawan makarantu da ma'aikatu a Katsina da Daura, mai siffar tarakta mai inci 42 shi ne zaɓin da muke ba da shawara. Duk wanda ya iya mota zai gane shi da wuri, kuma wuƙarsa da bel ɗin da ke juya ta sun fi sauƙin samu.

Batun gangare yana da lissafi. Yawancin masu ƙera injinan nan sun tsaya a digiri 15 a matsayin iyaka. Auna da kanka: ɗora katako mai tsawon mita ɗaya, kansa guda a ƙasa ta wajen tudu, ka daidaita shi da ma'aunin ruwa na magina, ka auna tazarar ɗaya kan zuwa ƙasa. Idan ta wuce santimita 27, wurin ya fi ƙarfin injin hawa. Inda bai kai haka ba, mai siffar tarakta hawa da sauka yake yi miƙe, ba ya ratsa gangare a kaikaice, kuma ba a juya shi a tsakiyar gangaren.

Tsakanin mai giya da mai haidiro, wanda feda ɗaya ke kai shi gaba da baya ba tare da canza giya ba, haidiro ya fi daɗin aiki kuma ba ya fizga wajen tashi. Mai giya ya fi araha, bakaniken gari kuma zai iya buɗe shi. Akwatin haidiro na ƙananan injina a rufe yake zuwa, idan ya gaji sauyawa ake yi gaba ɗaya. Gajiyarsa ba ta bayyana da sanyi. Don haka idan na hannu za ka saya, kada ka yarda da zagaye ɗaya a gaban shago. A bar shi ya yi aikin minti 20 ya ɗau zafi, sannan a hau ɗan tudu da shi. Idan ya fara kuka yana ja da ƙyar, akwatin ya kusa.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu da injinan hannu. Ƙarƙashin kujera akwai ɗan makunni da ke kashe inji idan mai tuƙi ya tashi ko ya faɗo alhali wuƙa na juyawa. Idan ya fara ba da matsala, wasu masu gyara sukan haɗe wayoyinsa biyu su naɗe da salatif, injin ya ci gaba da aiki lafiya lau, mai saye bai sani ba. Ɗaga kujerar ka duba da idonka. Sannan a yi gwaji huɗu a shimfiɗaɗɗen wuri, ba kowa kusa. Murɗa makulli ba ka taka birki ba: kada injin ya tashi. Murɗa da sandar kunna wuƙa a kunne: kada ya tashi. Yana aiki wuƙa na juyawa, ɗan ɗaga jikinka daga kujera: ya mutu nan take. Kashe wuƙa ka saurara: ta tsaya cikin kamar daƙiƙa 5. Sababbin ƙira suna da ƙarin kariya da ke hana yanka idan an sa ribas, domin haɗarin da ya fi muni shi ne taka yaron da ya biyo bayan inji ba a gan shi ba. Injin da ya faɗi gwaji ko ɗaya, a gyara kafin ka biya, ba bayan ka kai shi gida ba.

Duba kuma murfin roba ko ƙarfe da ke bakin inda ciyawa ke fita. Mutane kan ɗaure shi sama da igiya don ciyawa ta watsu, alhali shi ne ke mayar da tsakuwa ƙasa. Idan babu shi, dutse ɗaya ya isa ya fasa gilashin aji ko idon mai wucewa.

Ƙasarmu rairayi ce, kuma wannan yana canza lissafi. Wuƙa tana zuƙo yashi sama, yashin yana cin fiffiken da ke bayan bakinta har ya yi siriri ya tsage, guntun ya fita kamar harsashi. A riƙa duba ta kowane awa 25 na aiki, kuma kada a yi wa tsagaggiyar wuƙa walda, a sauya ta. Kaskon da wuƙaƙen ke ciki ma iri biyu ne: na bugun inji marar kauri, da na haɗin walda mai kauri. Na biyun ya fi tsada, ya kuma fi jure yashi da tsakuwa. Kafin hannu ya je kusa da wuƙa, a zare makulli, a cire wayar fulogi, kuma kada a shiga ƙarƙashi da jak kaɗai.

Ƙura ita ce ke kashe injinan nan tun ba su tsufa ba. Nemi mai matatar iska biyu, soso a waje da takarda a ciki. Sosan ana wanke shi, takardar ba a wanke ta, ba a kuma hura ta da iskar mai faci, domin tana hujewa inda ido ba ya gani. Iska ce ke sanyaya injin, ba ruwa ba, saboda haka ragar da ke samansa ta kasance fes kullum, musamman a zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Baƙin mai a sauya shi bayan awanni 5 zuwa 8 na farko, sannan kowane awa 50, ko ƙasa da haka idan hunturu ya kawo ƙura. Injinan Briggs & Stratton, Kohler, Kawasaki da Honda duk sanannu ne, amma kafin ka zaɓa, rubuta lambar bel, wuƙa da matatar iska ka tambayi masu kayan gyara a Katsina da Kano ko suna da su. Bel ɗin wuƙa ba na fanka ba ne, na mota ba ya daɗewa a wurin. Sayi bel guda da wuƙa saiti ɗaya tare da injin.

Tayoyinsa masu taushi ne, iskarsu kaɗan, a yawancin masu siffar tarakta kamar 14 a gaba da 10 a baya a ma'aunin mai faci, don haka a hana shi cika su kamar na mota. Ƙayar aduwa da bagaruwa da tsidau kuwa ba sa raga musu. Ruwan toshe huji da ake zubawa cikin taya yana rage wannan wahala.

Mai tuƙi ma yana cikin abin da ake saye. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada wanda bai kai shekara 16 ba ya tuƙa injin hawa, kuma ba a ɗaukar yaro a cinya ko da wuƙa a kashe take, domin gobe zai rugo da gudu neman a ɗauke shi. A makaranta, a yi yanka bayan an tashi. Ma'aikaci ya sa takalmi rufaffe ba silifas ba, ya toshe kunne, ya guji babbar riga da duk abin da bel zai iya kamawa. Fetur a zuba shi a waje, bayan inji ya huce. Idan kaka ta yi ciyawa ta bushe, a share tarin da ke maƙalewa kusa da salansa kafin a shigar da injin ɗakin ajiya, kuma makullin ya kwana a ofis.