Masu fotokwafi da ɗaurin littafi na Samaru: aikinsu zai kai shekara ashirin a adaka?

Duk mai son tara littattafan da za su yi amfani ranar da babu wuta, babu intanet, waya ta zama dutse, a Zariya zai ƙare ne a shagunan fotokwafin da ke kusa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Bugunsu yana da kyau. Ɗaurinsu ne sai ka tsaya a kai.

A fara da inji. Ka ce a buga maka da firinta mai garin tawada, wadda zafi ke manne rubutu a takarda. Mai tawadar ruwa kuwa, ɗigon ruwa ɗaya daga rufin da ke yoyo a watan Agusta ya isa ya narkar da shafi. Yawancin shagunan mai gari suke da ita, amma idan garin ya kusa ƙarewa rubutun kan fito fari-fari, ƙananan lambobi su ɓace. A littafin magani, 0.5 ya koma 5 ba ƙaramin abu ba ne, don haka a duba kowane jadawali kafin a biya. Takarda a nemi mai nauyin giram 80. Mai 70 rubutun baya yana leƙowa. Rim ɗaya falle 500 ne, wato shafi 1,000 gaba da baya. A bar gefen ɗauri ya kai santimita biyu da rabi, in ba haka ba ɗinki zai cinye farkon layi.

Ɗaurin sifiral, wato na robar da ake zurawa a ramukan gefen takarda, shi za su fara miƙo maka, don yana da sauri da araha. Kada ka karɓa. Robar tana bushewa da hunturi ta karye, ramukan su yage, bangon roba kuma kan manne da shafin farko idan an sha zafi, ya ɗebe rubutun. Fil na ƙarfe yana tsatsa ya ci takarda. Abin da Samaru ta ƙware a kai shi ne ɗaurin furojet, na ɗalibai masu kammala digiri: zare, kwali mai kauri, ƙyalle a gadon baya. Ka roƙi a ɗinke da zare, a sa farin gam irin na kafintoci. Gam na sitaci abincin kyankyaso ne. Littafin da ya wuce shafi 400 a raba shi biyu, domin mai kauri ba ya buɗuwa sai ya karye.

Abin bugawa kuwa, Zariya ta fi garuruwa da yawa sa'a. Takardun faɗakar da manoma na NAERLS (cibiyar faɗakar da manoma), bayanan irin masara, dawa da wake na IAR (cibiyar binciken noma), da na kiwo daga NAPRI (cibiyar binciken dabbobi) ta Shika, dukkansu cibiyoyin jami'ar, duk an rubuta su ne don ƙasarmu da damunarmu. Sun fi littafin noman Amurka da ke maganar ƙanƙara amfani nesa ba kusa ba. A ɓangaren lafiya akwai littafin Where There Is No Doctor na David Werner, amma a nemi sabon bugu: tsofaffin suna kan kulorokwin, alhali Nijeriya ta sauya maganin zazzaɓin cizon sauro tun 2005. A cikin bango a rubuta haɗin ruwan gishiri da sukari da hannu: ruwa lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Masu shago ba sa gaya maka yadda za ka adana. Gara ce babbar abokiyar gaba. A sa littattafan a adaka, a ɗora ta kan bulo nesa da bango, a zuba busasshen ganyen darbejiya, a riƙa buɗewa a sha iska idan damuna ta ɗauke. Kwafi na biyu kuma a kai gidan ɗan'uwa a wata unguwa.