Express-jwt: mai gadin da hatimi kawai yake dubawa

Na fara aiki da express-jwt ne lokacin da aka miƙa mini wata manhajar bin sawun odar abokan ciniki in gyara. Wanda ya rubuta ta kafin ni ya bar kowace hanya, wato adireshin da ake aika wa manhajar buƙata ta cikinsa, da nata binciken. Hanyoyi 40 da 'yan kai, kowacce da layuka biyar ko shida masu duba ko mai buƙata ya shiga da kalmar sirri, uku daga ciki kuma an manta da su gaba ɗaya, a buɗe suke wa kowa. Abin da nake nema shi ne mai gadi ɗaya a bakin ƙofa, wanda kowace buƙata za ta bi ta gabansa kafin ta isa ciki.

Aikin express-jwt ke nan. Ɗan ƙaramin ƙunshi ne na kyauta da kamfanin Auth0 ke kula da shi, ana dasa shi tsakanin buƙatar da ta shigo da aikin da sabar Express za ta yi. Express kuwa tsari ne na gina sabar intanet da JavaScript. Tikitin da yake dubawa shi ne JWT (JSON Web Token), shaidar da ake ba wanda ya shiga da kalmar sirri, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a takardar RFC 7519 a shekarar 2015. Dogon rubutu ne mai kashi uku, ɗigo ya raba su: na farko ya faɗi irin hatimin, na biyu ya ɗauki bayanai kamar lambar mai tikitin da lokacin ƙarewar wa'adinsa, na uku shi ne hatimin kansa. Ana aiko shi da kowace buƙata a layin Authorization, bayan kalmar Bearer. Mai gadi ya duba hatimi, ya duba wa'adi. In komai daidai ne sai ya ajiye bayanan a req.auth, inda aikin da ke biye zai karanta su, ya ba da hanya, in ba haka ba ya mayar da 401, lambar da ke nufin ba a tantance mai buƙata ba. Ba ya buga tikiti da kansa, wannan aikin jsonwebtoken ne, ƙunshin da yake dogara a kai. Cikin yini ɗaya na share duk layukan nan da aka yi ta maimaitawa, na bar wuri ɗaya da zan iya karantawa in san abin da ke faruwa.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne taurin kansa game da irin hatimi. A 2015 wani mai bincike, Tim McLean, ya nuna yadda ake yaudarar manhajojin JWT da yawa. Suna yarda da abin da tikiti ya faɗa game da kansa. Tikiti ya ce ba shi da hatimi, sai su karɓa. Ko kuma sabar tana amfani da RS256, mai mabuɗi biyu, na sirri da na fili, sai ɓarawo ya ɗauki mabuɗin fili da kowa ke iya samu, ya buga tikiti da HS256, mai mabuɗi ɗaya na bugawa da dubawa, sabar ta duba da wannan mabuɗin ta ga ya yi daidai. Tun sigar 6 da ta fito a 2020, express-jwt ya wajabta a rubuta jerin algorithms, wato nau'o'in hatimin da aka yarda da su. In ba ka rubuta ba, sabar ma ba za ta tashi ba. Na so wannan ƙwarai, domin kuskuren da ya bayyana a gabanka kana zaune ya fi wanda zai bayyana bayan bayanan mutane sun fita.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Mako biyu da gama aikin, ina gwaji da dare, na shiga da asusun gwaji na buɗe oda mai lamba 1042. Sai na goge lambar ƙarshe a adireshin na sa 3. Shafi ya buɗe. Sunan wata mata, adireshin gidanta, lambar wayarta, duk ga su a gabana. Gabana ya faɗi. Tikitina sahihi ne, hatimi daidai, wa'adi da saura, don haka mai gadi ya yi abin da aka sa shi. Ya tabbatar ni ne ni. Ko odar tawa ce, wannan tambaya ce da ba wanda ya ba shi, kuma ba aikinsa ba ne. Ni ne ban rubuta ta ba. A daren na ƙara bincike a kowace hanyar da ke ɗauko bayanan mutum: lambar mai tikiti da ke cikin sub ta yi daidai da ta mai odar, in ba haka ba a mayar da 403, wato ba shi da izini. Duk wanda zai ɗauki wannan ƙunshi, ina roƙonsa ya yi wannan gwajin na sauya lamba kafin ya ce ya gama.

Akwai kuma batun janye tikiti. Wanda aka riga aka bayar yana aiki har wa'adinsa ya cika, ko an sallami ma'aikaci, ko an sace masa waya. Express-jwt ya tanadi isRevoked, inda za ka duba jerin tikitocin da aka soke, misali a rumbun bayanai na Redis, ta jti, lambar da ta bambanta kowane tikiti. Yana aiki lafiya, sai dai ka koma tambayar rumbun bayanai a kan kowace buƙata, abin da mutane da yawa suka zaɓi JWT don su guje masa. Ni na taƙaita wa'adin zuwa minti 15, na ajiye tikitin sabuntawa a rumbu inda zan iya soke shi nan take.

A sani kuma kashi na biyu na tikitin ba a ɓoye yake ba, base64url ne kawai, kowa na iya warware shi ya karanta. Kada a sa sirrin kowa a ciki.

Express yana bin layuka ne daga sama zuwa ƙasa, saboda haka duk hanyar da aka rubuta a saman mai gadi ba ta da kariya. Na fi son in kulle komai tun daga sama, sannan in yi amfani da unless in cire hanyar shiga da ta rajista kaɗai. Sabuwar hanyar da abokin aiki zai ƙara gobe za ta zo a kulle. Masu koyo daga tsofaffin darussa su lura: daga sigar 7 bayanan sun tashi daga req.user sun koma req.auth, an kuma rubuta hakan a takardun ƙunshin.

Idan manhajarka shafin intanet ne guda ɗaya da sabar guda, tsohon tsarin zama da kuki, inda sabar ke riƙe bayanan wanda ya shiga a rumbu, burauza kuma ta riƙe 'yar shaida kawai, ya fi sauƙi, fitar da mutum kuma share layi ɗaya ne a rumbu. Idan kuwa kana da manhajar waya da sabobi da dama da ke buƙatar gane mutum ɗaya, express-jwt zan sake ɗauka, in haɗa shi da ƙunshin jwks-rsa don sauya mabuɗai, in kuma cika audience da issuer, wato wanda aka buga tikitin dominsa da wanda ya buga shi, tun ranar farko.