Damina biyu da rediyon haɗa gine-gine a harabar kwalejinmu

Ni ke kula da netwok a wata kwaleji da gine-ginenta suke warwatse. Intanet yana shigowa ginin gudanarwa, daga nan sai mu raba shi: ɗakin karatu na da tazarar kamar mita 180, babban ɗakin kwamfuta inda ake jarrabawa mita 700, ɗakunan kwanan ɗalibai mata kuwa suna can tsallaken titi, kilomita biyu. Kebul ɗin tagulla na netwok iyakarsa mita 100. Wayar fiba da aka taɓa binnewa, masu haƙa magudanar ruwa suka datse ta har sau biyu. Wannan ne ya kai mu ga rediyon da ake kafawa a kan gini, ɗaya na kallon ɗaya, a zango (wato rukunin tashoshin da siginar rediyo ke bi) da ba a biyan kuɗin lasisi. Yanzu damina biyu ke nan ina tare da su, shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da idona ya gani.

Zangon da babu lasisi kamar rijiyar unguwa yake. Ba ka biya, amma ba kai kaɗai ke zura guga ba, kuma in maƙwabci ya gurɓata maka ruwa babu inda za ka kai ƙara. Duk da haka akwai doka: Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, tana buƙatar na'urar sadarwa ta zama irin wadda ta amince da ita, don haka a tambayi dillali wannan kafin a biya kuɗi.

Na farkon da muka saya masu araha ne, marasa suna, na zangon 2.4 GHz. An kafa su lokacin hutu, suka yi ta aiki lafiya lau. Ranar da ɗalibai suka dawo, labari ya canza. Zangon nan tashoshi uku kacal yake da su waɗanda ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, ga kuma ɗaruruwan wayoyi kowacce ta kunna raba data. Da asuba sabis garau, da ƙarfe goma na safe sai ka ga fayil ɗaya na shan minti biyar bai buɗe ba. A harabar makaranta ba zan sake ba kowa shawarar ya ɗora hanyarsa a kan 2.4 ba, kowane kamfani ne ya ƙera ta.

Don ɗakunan kwana muka koma LiteBeam 5AC na kamfanin Ubiquiti, mai aiki a zangon 5 GHz. Ba shi da nauyi, mutum ɗaya zai haɗa farantinsa ya hau da shi. Abin da na fi so a jikinsa shi ne manhajar cikinsa tana iya sauraron sararin wurin ta nuna maka tashar da ta cika da wadda take sarari. Da ita na gane cewa masu sayar da intanet na unguwar da ke bayanmu sun riga sun mamaye wani ɓangare, na kauce musu.

A nan ne kuma na koyi darasin da ya fi kowanne tsada. Na hau rufi, na hango ɗakunan kwanan tar, na ce hanya a buɗe take. Akwai wata tsohuwar darbejiya a tsakiya, amma kanta na ƙasa da layin da idona ke bi. Da rani komai ya tafi daidai. Ruwa na sauka, ganye ya yi duhu ya jiƙe, sai sabis ya fara tsinkewa. Wani tsohon injiniya da ya yi aikin sadarwa shekaru ya zo ya duba, ya ce da ni: "Ɗana, siginar nan ba kamar zare take tafiya ba. Tana kumbura a tsakiya kamar kabewa, kuma a cikin kumburin nan bishiyarka take." Abin da masana ke kira yankin Fresnel ke nan. A tazarar kilomita biyu a kan 5.8 GHz, kumburin yana kai kusan mita biyar daga layin tsakiya, kuma ana son aƙalla kashi 60 cikin ɗari na wannan ya zama babu komai, wato mita uku tsakanin kan bishiya da layin gani. Mu ko mita ɗaya ba mu bari ba.

Shugaban kwaleji ya ce a sare ta. Na ce masa: "Ranka ya daɗe, a ƙarƙashinta ɗalibai ke karatu da rana. A ba ni ƙarfe in ɗaga turke." Muka ƙara tsawo a ɓangarorin biyu, aka rage rassan sama kaɗan, matsalar ta kau. Darbejiyar na nan har yau.

Sai maganar lambar da ke jikin kwali. An rubuta saurin LiteBeam megabit 450 da ɗoriya a daƙiƙa, kuma ba ƙarya ba ne, amma jimillar aikawa da karɓa ce, a tasha mai faɗi, a wurin da babu hayaniya. Da farko na buɗe tashar zuwa faɗin 80 MHz don neman sauri, sai na ga tana tangal-tangal. Duk lokacin da ka ninka faɗin tasha, ka ninka hayaniyar da rediyon ke kwasa. Da na dawo 40 saurin ya ragu a takarda, amma ya tsaya cak dare da rana, kuma ɗalibar da ke cike rajista da daddare tsayuwar nan take buƙata. In makarantarku na kusa da filin jirgi, a kula da tashoshin da ake rabawa da na'urar rada: da zarar rediyon ya ji ta, dole ya bar tashar, kuma yana iya yin shiru na minti guda kafin ya zauna a wata.

Wanda ya fi shiga raina shi ne na 60 GHz. Tsakanin ginin gudanarwa da ɗakin karatu mun sa Wireless Wire na MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya. Suna zuwa biyu a kwali ɗaya, an riga an haɗa su da juna tun daga masana'anta. Ka kafa, ka jona, su kama. Tazararsa kamar mita 200 ce, kuma yana ba da gigabit guda, wato megabit dubu a daƙiƙa, har ma'aikatan ɗakin karatu suka ɗauka an gyara fibar ne. Sirrinsa abin mamaki ne: iskar da muke shaƙa tana shanye siginar 60 GHz, kusan desibel (ma'aunin ƙarfin sigina) 15 a kowane kilomita. Wannan ya hana ta tafiya nesa, amma shi ne ya sa siginar maƙwabta ba ta isowa gare ka. Wayoyin ɗalibai dubu su kunna abin da suka ga dama, ba ruwansa.

Na yi fargabar hazo. Ya zo ya lulluɓe gari har ba a hango ɗaya ginin, hanyar ba ta ko girgiza ba. Ruwan sama ne abokin gabansa. A hanyar mita 700 mun sa irin wanda ke da rediyon 5 GHz na ko-ta-kwana a cikinsa, kuma a mamakon watan Agusta na zauna ina kallon allo, na ga ya sauka daga 60 ya koma 5, ruwa na tsagaitawa ya dawo. Saurin ya ragu sosai a wannan ɗan lokacin, amma jarrabawa ba ta tsaya ba. Duk wanda zai wuce mita ɗari biyu zuwa uku da 60 GHz a ƙasar da ake ruwa irin namu, kada ya sayi wanda ba shi da wannan madogarar.

Abin da ya fi ba ni wahala ba rediyon ba ne, abin da ke riƙe da shi ne. Siginar 60 GHz siririya ce, in turke ya ɗan karkata ta kauce. Bututun farko da mai walda ya kafa siriri ne, guguwar farkon damina ta juya shi da kaurin yatsa biyu, ɗakin kwamfuta ya yini a kan 5. Na hau da safe da sifana a aljihu, yarona na ƙasa da waya yana karanto min lambobi, ina juya ƙusa kaɗan-kaɗan har siginar ta dawo. A makon muka sauya bututu mai kauri, muka ɗaure shi da wayoyi ta fuska uku.

Tsawa ma ta taɓa mu. Dare ɗaya ta bi kebul ta ƙone mana na'urar rarraba netwok. Tun daga ranar kowane turke sai an binne masa sandar tagulla a ƙasa, kebul mai sulke na waje, da na'urar tare tsawa kafin ya shiga gini. Wutar lantarkin da rediyon ke aiki da ita kuwa ta cikin kebul ɗin take hawa, kuma a nan a yi hattara: LiteBeam bolt 24 yake ci, wasu na'urorin 48, in ka haɗa masa abin da ba nasa ba zai iya ƙonewa nan take. Na rubuta wa kowace adafta sunan rediyonta da fenti. Dukkansu yanzu suna kan batirin sola, domin hanyar da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta ba hanya ba ce. A kuma sauya kalmar sirrin da suka zo da ita tun kafin a hau da su sama.

Zan sake sayen su? Na 60 GHz a gajeriyar tazara, ba tare da wani tunani ba. LiteBeam a doguwar tazara ma haka, matuƙar na fara auna bishiyoyi. A kasafin bana na nemi a sake binne fiba zuwa ɗakin jarrabawa, a cikin bututu, da alamar siminti a samanta don masu haƙa su gani. In an amince, rediyon da ke kan rufin ba zan sauke shi ba, zai zauna yana jiran ranar da diga za ta sake samun wayar.