Girebin Talotalon Kirsimeti: A Haɗa a Gida Ko a Sayo?

Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin ce wannan ne hutun Kirsimetinku na farko a Ingila, yara sun ci gasasshen talotalo a makaranta sun dawo sun hana ki sakat, maigida kuma ya gayyato maƙwabta, ga ku ku goma a tebur. Talotalon kin riga kin ba da oda a wurin mahaucin halal. Abin da ya tsaya miki a rai shi ne girebi, romon nan mai kauri mai ruwan ƙasa da suke kwararawa a kan nama da dankali: ki haɗa da hannunki ko ki sayo?

Ki haɗa, amma ba a ranar ba. Ki yi shi tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, sannan ki ajiye gwangwanin na gari ɗaya a kabad saboda ko-ta-kwana. Bari in jera miki ire-iren girebin ki ga dalili, domin na sayarwar ma iri biyu ne, kuma ba ɗaya suke ba.

Da farko kada ki raina wannan romo. Ki dubi farantin da za ki ajiye wa mutane: ƙirjin talotalo nama ne marar kitse mai saurin bushewa, dankalin gasasshe ne, karas da ƙananan kabejin nan na Brussels ba su da ruwa, in kin yi fanken Yorkshire shi ma ramin da ke tsakiyarsa jiran romo yake. Girebi ne kaɗai abu mai laima a farantin, kuma ba lomar da ba zai taɓa ba. In ya yi daɗi, ko talotalon ya ɗan bushe ba wanda zai kula. In ya yi salam, ko ya yi gishiri cau, duk wahalar da kika sha a kan sauran ta tafi a banza.

Na sayarwa na farko shi ne na gari, ƙananan ƙwayoyi a gwangwani, wanda Bisto ya fi shahara a cikinsu. Tun 1908 ake sayar da Bisto a Birtaniya, da fari a matsayin hoda da ake damawa a cikin ruwan gashi, sai a 1979 aka fito da na ƙwayoyin da ruwan zafi kawai suke buƙata. Awon yana jikin gwangwanin: ƙaramin cokali huɗu a cike taf, wato giram 20, a cikin mililita 280 na tafasasshen ruwa, ki juya, shi ke nan. Ba ya gudaji, ba ya cin kan murhu, kuɗinsa kaɗan ne, kuma Turawan da kika gayyata da yawansu da shi suka tashi, ba za su yi miki kallon raini ba. Inda ya gaza shi ne ɗanɗano. Abin da ke ciki galibi sitacin dankali ne da mai da gishiri da fulawa da kala da sinadaran ƙara ɗanɗano. Kaurin da launin suna nan daram, amma in kin kurɓa gishiri ne zai fara gaishe ki, bayansa kuma ba wani abu da ke biyowa. Ba ya ƙamshin tsuntsun da ke kan tebur, domin bai taɓa haɗuwa da shi ba.

Ta fuskar halal, sai kin juya gwangwanin kin karanta. Sunan da ke gaba ba ya gaya miki gaskiyar abin da ke ciki. Akwai mai ɗanɗanon naman sa wanda babu nama a jerin kayansa, akwai kuma masu tsada irin Bisto Best na cikin kwalba da suke tallar cewa da ruwan nama na gaske aka yi su, kuma wannan naman ba yankanmu ba ne. Mafi sauƙi ki ɗauki na albasa ko na kayan lambu mai ɗauke da shaidar cewa ya dace da marasa cin nama. Kamfanoni sukan sauya haɗi, saboda haka ko wanda wata ta ce miki ta saya bara, ki sake duba shi bana.

Na biyu shi ne dafaffe da ake sayarwa a roba ko leda a sashen firiji na manyan shaguna irin Tesco da Sainsbury's da M&S, wanda ke cika kanta in Disamba ta kama. A baki ya fi na gari nesa ba kusa ba, domin da romon ƙashi ake yin sa, ɗumamawa kawai za ki yi. Amma a wurinki shi ne mafi rauni a cikin ukun, kuma abin da ya sa ya fi daɗi shi ne ya sa bai dace da ke ba. Romon talotalo ko kaza ko sa da ke ciki ba na halal ba ne sai in an rubuta, sannan na bikin Kirsimeti sau da yawa ana zuba musu giyar inabi, fara ko ja, ko masu ƙarfi irin sherry da port, har a rubuta a gaban robar don jan hankalin masu saye. Ki kuma lura, shaidar marasa cin nama ba ta kore giya ba. Ana iya samun girebin naman kaza na ƙasa, wato mushroom, ko na albasa babu nama ko ɗigo amma da jar giya a ciki. Ga shi robar ba ta da girma, mutum goma sai kin ɗauki biyu ko uku, kuɗin ya wuce na fukafukan kazar da za ki yi naki da su.

Yanzu na gida. Abin da ke tsorata mutane da shi shi ne yadda aka saba yinsa: a jira talotalo ya fito daga obin, a juye ruwan tiren, a tsame kitse, a soya fulawa, duk a cikin minti ashirin ɗin ƙarshe, dankali na neman ƙonewa, baƙi na buga ƙofa, yara na tambayar ina takalminsu. Wanda ya ce miki wannan da sauƙi bai taɓa tsayawa a kicin shi kaɗai ba. Bayan haka ruwan da talotalo ɗaya ke zubarwa ba ya isar mutum goma. Ki ƙiyasta kusan mililita 120 ga kowane mutum, ki ɗora ƙari domin sai an nemi ƙari, lita ɗaya da rabi ke nan. Tire ɗaya ba zai ba ki wannan ba.

Shi ya sa na ce ki raba aikin gida biyu. Ranar da za ki karɓo talotalon, ki sayo kilo ɗaya na fukafukan kaza a wurin mahaucin. Ki tambaye shi kayan cikin talotalon ma, wuya da ƙundu da zuciya. Wani lokaci suna cikin 'yar leda a cikin cikin tsuntsun, ki zura hannu ki ciro kafin gashi. Hantar ki ware ta ki soya wa yara, in ta daɗe a romo ɗaci take sa masa. Ki sassara fukafukan, ki baza su a tire da wuyan, da albasa biyu da kika raba huɗu ba tare da kin ɓare jan ɓawon ba, domin ɓawon yana ba da launi, da karas biyu, da sandar seleri biyu, da tafarnuwa kaɗan, da ɗan mai. Obin a kan digiri 200, kusan awa ɗaya, ki juya sau ɗaya a tsakiya.

A nan ne duk maganar take, kada ki yi gaggawa. Launi da daɗin girebi daga gashin nan suke fitowa. In kin ciro fukafukan suna fari-fari, romonki zai fito fari kamar na marar lafiya, ba kuma abin da za ki zuba daga baya ya gyara shi. Ki bar su su yi ja sosai, albasar ta yi duhu a gefe-gefe, ƙasan tiren ya kama ƙanzo mai ruwan ƙasa. Ƙanzon nan kada ya kai ga baƙi, domin ƙonanne ɗaci yake, amma muddin ruwan ƙasa ne, shi ne dukiyar. Ki juye naman a tukunya, ki zuba ruwan zafi a tiren, ki kankare ƙanzon da muciya ko cokalin katako har tiren ya yi fes, ki juye a tukunyar. Ki cika ruwa ya kai lita biyu da ɗori, ki jefa ƙundu da zuciyar, da tayim da 'yan ƙwayoyin masoro. Wuta ƙasa-ƙasa, yana ɗan motsi ba tafasa ba, awa ɗaya da rabi. Ki tace da rariya, ki danne naman da bayan ludayi ya sauke duk ruwansa. Gishiri da magi ki riƙe hannunki tukuna, akwai dalili.

In ya huce ki sa a firiji, kada ya wuce awa biyu a waje. Washegari za ki tarar kitsen ya taru a sama ya daskare, romon da ke ƙasa kuma ya kama jikinsa yana rawa kamar romon ƙafar sa da ya kwana. Wannan alamar nasara ce: ƙashi da fatar fukafukan sun saki abin da ke sa romo ya yi danƙo a leɓe, abin da sitacin gwangwani ke kwaikwayo bai kai ba. Ki kwashe kitsen da cokali, kada ki zubar. Ki narka babban cokali shida na kitsen a tukunya, in bai kai ba ki cika da bota, ki zuba babban cokali shida na fulawa, ki yi ta juyawa minti biyu zuwa uku har warin ɗanyen gari ya tafi ya koma launin gyaɗa soyayya. Sai ki riƙa zuba romon ludayi-ludayi kina burgawa. Maburginki na miyar kuka ya fi komai iya wannan aiki. In kin kwarara romon gaba ɗaya gudaji za ki samu. In ma hakan ta faru, rariya tana nan. Ki bar shi ya dahu minti goma. In a cikin baƙin akwai wanda alkama ke damunsa, ki bar fulawar, ki dama sitacin masara da ruwan sanyi ki zuba a romon yana tafasa.

A ranar kuwa aikin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Talotalo in ya fito sai an bar shi ya huta a rufe aƙalla rabin awa kafin a yanka. A wannan lokacin ki juye ruwan tirensa a jug, ki jira kitsen ya taso ki kwashe, ki kankare ƙanzon kamar yadda kika yi wa na fukafukai, ki haɗa da girebinki da ke ɗumi a kan wuta. Ruwan da ya taru a ƙarƙashin tsuntsun yayin hutawa shi ma ki juye. Yanzu ne za ki ɗanɗana ki sa gishiri, domin ruwan tiren ya zo da gishirin da kika shafa wa talotalon, in da kin sa tun farko da ya yi yawa. Turawa kan sa giya a nan don ɗan tsamin da ke farkar da romo. Matsin lemon tsami kaɗan, ko cokali ɗaya na miyar kiranberi, wato jar miyar 'ya'yan itace mai zaƙi da tsami da za ki ajiye a tebur, zai yi miki wannan aikin.

Na san hannunki zai yi ta ƙaiƙayi ki jefa attaruhu da citta da kori da tumatir. Ki daure. Da zarar tumatir da kori sun shiga ya tashi daga girebi ya koma miya, ba kuma shi yaran suka ci a makaranta suka dawo suna nema ba. Ki ajiye yajin ƙuli ko dakakken barkono a 'yar kwano a gefe, maigida ya barbaɗa abinsa. Kada ki yi mamaki in maƙwabtan suka fi shi miƙa hannu.

Wani abu kuma da ya kamata ki sani tunda maƙwabta za su zo: wata za ta iya cewa, cikin kyakkyawar niyya, bari ta kawo nata girebin don ta rage miki aiki. Ki yi godiya ki ce kin riga kin yi, ta kawo kayan zaƙi ko 'ya'yan itace. A gidajensu da yawa ana shimfiɗa yankakken naman alade a kan ƙirjin talotalo don kada ya bushe, ana kuma gasa ƙananan sosej na alade da aka naɗe da shi, wani lokaci a tire ɗaya. Kitsen yana gangarawa ƙasa, daga nan ake yin girebin, ita kuwa mai yin ba lallai ta tuna ta faɗa miki ba, domin a wurinta girebin talotalo ta yi.

To ina amfanin gwangwanin da na ce ki ajiye? Ranar 25 ga Disamba manyan shaguna a Ingila da Wales a rufe suke, doka ce tun 2004, ƙananan da ke buɗewa kuma ba ki da tabbacin abin da za ki samu a cikinsu. In girebin ya ƙare ana tsakiyar ci, ko ya kife, ki tafasa ruwa ki dama na gari, da babu gara ba daɗi. In ma kin ga lokaci ya ƙure miki gaba ɗaya ba ki samu yin fukafukan ba, akwai hanya ta tsakiya da ta fi ruwan zafi zalla: ki soya albasa a hankali har ta yi ja, ki haɗa da ruwan tiren talotalonki da ruwan da kika dafa karas, sannan ki ɗaure shi da ƙwayoyin garin kaɗan-kaɗan, ba tare da ƙarin gishiri ba.

Ki ɗauraye jug ɗin da za ki kai tebur da ruwan zafi kafin ki zuba, domin girebi na saurin hucewa ya yi fata a sama, sauran kuma ki zuba a fulas ya jira masu ƙari. Abin da ya rage bayan an tashi ki sa a firiji da wuri, a cinye cikin kwana biyu, a ɗumama shi sau ɗaya kawai har ya tafasa. In kina so ki yi romon fukafukan tun mako biyu kafin ranar, firiza za ta riƙe miki shi. Ki sauko da shi firiji daren jajibere ya narke.